Hayar ƙaramar tirela: tsohuwar jif ɗina ta fita kunya, masu hayar ne suka kusa ja mana

Tauraro uku na yi niyyar ba su, kuma ukun ma albarkacin bodin tirelar suka ci, don mun sha ruwan sama a hanya amma ko ɗigo bai taɓa katifunmu ba. Ƙaramar na karɓa, mai rufi, mai taya biyu, wadda ba ta da birkin kanta. Kun dai san irinta. Tafiyar kilomita 940 ce, ƙaura muka yi gaba ɗaya, iyali sun riga sun yi gaba, ni da ƙanena muka biyo da kaya.

Kafin mu tashi, duk fargabata a kan motar take. Ƙirar 2003 ce, silinda shida, giya otomatik, ta ci sama da kilomita 280,000. Duk wanda na gaya wa zan ja tirela da ita sai ya kalle ni ya kalli motar, ya ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu. Makanikena ne kaɗai bai yi haka ba. Ya ce, "Injin nan ba zai ba ka kunya ba, giya ce abar tsoro, zafi ke kashe ta." Ya juye man giya, ya ɗaura wani ɗan ƙaramin lagireto a gaban babban don sanyaya man giyar, ya canza tiyo biyu da suka yi laushi, ya sa sabon man birki. Sannan ya nuna min maɓallin da ke jikin sandar giya mai hana motar shiga giyar ƙarshe, ya ce in danna shi duk inda na ji tana ta hawa tana sauka tsakanin giya biyu, wannan kai-komon ne ke dafa mai.

Ni ma na yi nawa lissafin. Littafin motar ya ce kilo 750 ne iyakar tirelar da ba ta da birki. Farantin da ke jikin tirelar ya ce ita kanta kilo 340 ce ba kaya. Saura 410 ke nan. Na ɗauko sikelin awon mutum na auna kwalaye ɗaya bayan ɗaya, har ƙanena yana min tsiya wai na zama ɗan awo. Injin wanki, firji, kwalayen littattafai shida, katifu biyu, kujeru da tarkace, duka suka tashi kilo 380. Na ce shi ke nan, na gama da batun nauyi. Ashe da saura.

Ranar karɓa, yaron da ke wurin ya ɗaura min tirelar cikin minti biyar, ya ce in sa hannu nan da nan. Babu wanda ya ce min uffan a kan yadda ake loda ta. A jikin ƙofar daga ciki akwai alamar wata takarda da aka taɓa mannawa, ta ɓare, sai gefenta ya rage. Da na zo lodi a gida na ga bayan jif ɗin yana ɗan zama in na tura kaya gaba, sai na buga wa yaron waya. Amsar da ya ba ni har yanzu tana kunnena: "Yallaɓai, tunda motarka tsohuwa ce, mayar da masu nauyin baya, kada ka karya mata shakazoba." Maganar ta yi min ma'ana. Na sa katifu da kujeru a gaba, injin wanki da firji da littattafai suka koma bakin ƙofa. Har murna na yi, don da na kama wuyan tirelar, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a bayan mota, da hannu ɗaya sai na ji shi sakayau, na ce to motar ta huta.

Kilomita ɗari biyu na farko lafiya ƙalau, sai dai wani ɗan kaɗawa da nake ji a sitiyari in na haura 80, na ɗauka iska ce. Muka zo wani dogon gangare, gudun ya ƙaru da kansa zuwa wajen 95 ban lura ba, sai wata babbar mota ta zo ta wuce mu. Iskarta ta tura tirelar gefe. Na duba madubi na ga gefen tirelar gaba ɗaya a madubin hagu, kafin in ƙifta ido ta koma na dama. Kaɗawa ta uku ta fi ta biyu, ta huɗu kuwa bayan jif ɗin ne da kansa ya fara bin ta, tayoyin baya suna ƙara. Ƙanena ya dafe gaban mota yana cewa, "Yaya, birki! Yaya, taka birki!" Ban taka ba. Kada wani ya ce gwaninta ce, ƙafata ce ta sandare a sama, ta bar totur ba ta kai birki ba, hannuwana kuma suka ƙanƙame sitiyari suka ƙi motsi. Muna ta salati. Allah ya taimake mu gangaren ya zo ƙarshe, hanya ta fara hawa, gudu ya ragu, kaɗawar ta yi ta raguwa har ta mutu. Na gangara gefen titi na kashe mota. Sai da na fi minti goma ban iya fitowa ba, gwiwoyina rawa suke.

Wani dattijo direban babbar mota da ke bayanmu ya ga komai, ya tsaya. Bai tambaye ni gudun da nake yi ba. Ya sa duwatsu ya tokare tayoyin tirelar, ya ce in buɗe marikin da ya haɗa tirelar da motar. Ina buɗewa wuyan tirelar ya ɗaga sama da kansa, sarƙoƙi ne suka riƙe shi. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka lodin nan?" Na ce, "Baba, ni na yi, amma masu ita ne suka ce in yi haka." Ya yi tsaki.

A nan bakin titi ya koya min abin da ya kamata a gaya min tun a wurin haya. Wuyan tirela dole ya danne ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota da nauyi, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta duka. Kashi 60 na kaya a gaban tayoyinta, 40 a baya, masu nauyi a ƙasa kusa da taya, a ɗaure su tam. In nauyi ya koma baya, tirelar ɗaga bayan motar take yi, tayoyin baya su rage kama ƙasa, ita kuma ta zama kamar lilo: ƙaramin turi ya ishe ta, kuma gudu ke ciyar da kaɗawar. Ya ce da na taka birki da ƙarfi a gangaren nan, tirelar da ba ta da birki za ta turo bayan motar gefe ta naɗe mu. Da na yi ta murza sitiyari ina neman gyara kuwa, da na ƙara mata. Abin da tsoro ya sa na yi, shi ne daidai: saki totur, riƙe sitiyari a miƙe, bar gudu ya sauka da kansa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Awa biyu muka yi muna sauke kaya muna mayarwa, a rana, motoci na wucewa ana kallonmu kamar masu gwanjo. Injin wankin ya riga ya tsinke igiya ɗaya ya doki ƙofa. Muka mayar da shi da firji gaban taya, littattafai a kan taya, katifu a baya. Sikelin nan da ake min dariya a kansa ya yi rana: muka ɗora shi a ƙasa, muka tsayar da guntun katako a kai daidai tsayin ƙwallon, muka sauke wuyan tirelar a bisa. Ya nuna kilo 72. Bayan jif ɗin ya ɗan zauna, kamar faɗin yatsu biyu, abin da nake gudu tun farko ke nan, ashe shi ake nema.

Daga nan har muka isa ko sau ɗaya ba ta sake kaɗawa ba, ni ma ban sake wuce 80 ba. Tsohuwar kuwa sai dai a ce madalla. Allurar zafi ba ta bar tsakiya ba ko a hawa mai tsawo, a gangare ina mayar da ita giya ta biyu injin ya riƙe mu, ban ji ƙaurin birki ba. Mai ne ta sha kamar ba gobe, kusan duk gidan mai sai mun gaisa. Ribas ya ba ni wuya sau biyu, sai da na koyi kama sitiyari ta ƙasa in kai hannuna ɓangaren da nake son tirelar ta nufa.

Yanzu da nake rubutun nan na tuna batun taya, raina ya sake ɓaci. Dattijon nan ne ya durƙusa ya nuna min lambobi huɗu a gefen tayar tirelar: 1814. Ya ce mako na 18 ke nan na shekarar 2014. Gefenta duk ya tsattsage kamar bayan kada, zanen samanta ne kawai ke ruɗin ido. Kuma babu safaya. Tafiyar kilomita ɗari tara, sun san inda zan je don na rubuta musu a takarda, suka sake ni da tsofaffin tayoyi ba safaya. Sauran tafiyar duk awa ɗaya sai na tsaya in ɗora bayan hannu a tsakiyar kowace taya in ji ko boris ya ɗau zafi. Na dama ya fi na hagu ɗumi tun daga farko har ƙarshe, ina ganin ya daɗe bai ga giris ba. Siginar hagu ma sai ta ga dama take kamawa, sai na murza filogin wayar. A'a, tauraro uku sun yi yawa. Biyu.

Da na mayar musu a reshensu na can, ko tambayar yadda hanya ta kasance ba su yi ba. Matar da ke kan tebur ta zagaya da fitilar waya, ta gano loɓawar da injin wanki ya yi wa ƙofa daga ciki, ta ce za a cire a kuɗin ajiyata. Na ce, "Hajiya, yaronku ne ya ce in sa shi a nan." Ta ce ba su da wannan a rubuce. Na nuna mata kiran a wayata, minti uku da daƙiƙa goma. Ta ce kira ba shaida ba ne. Na nuna mata tayar, ta ce ai ta kai ni ta dawo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: motata ta yi aikin, Allah ya tsare, su kuma suna neman ƙari.

Sai da na nemi ganin manaja, na zauna kusan awa ɗaya, kafin suka yarda a raba asarar biyu. Na karɓa don na gaji, ba don na yarda ba. Ina fita na waiwaya, na ga wani mutum da ƙaramar mota ana ɗaura masa tirelar nan tawa, da tayoyinta, da filoginta. Na koma na ja shi gefe na ce masa masu nauyi a gaba, kuma ya ce su ba shi safaya. Matar tana harara ta ta taga.