Pro V1 ko Pro V1x: wacce ta dace da mu a Maradi?

Duk wanda ya kama sandar golf a Maradi ya san ƙwallo mai kyau ba a kanti ake samunta ba, sai an yi saƙo daga Kano ko Yamai. Shi ya sa kafin na sayi dozin nake tsayawa in auna.

Pro V1 da Pro V1x ƙwallayen golf ne, kamfanin Titleist ne ke yin su duka biyun. Pro V1 ta fito a 2000, mai hawa uku ce, daga ƙwayar ciki zuwa bawo. Pro V1x ta biyo baya a 2003 da hawa huɗu. Wannan ƙarin hawan ana jin sa a hannu: V1x ta fi tauri, ƙarar bugunta ta fi kaifi, tana tashi sama sosai, kuma ta fi juyawa. Pro V1 kuwa taushi gare ta, tafiyarta ƙasa-ƙasa, tana ratsa iska.

Nan ne zaɓina ya tsaya. Idan hunturu ya shigo, iskar arewa maso gabas tana kaɗawa da ƙura, ƙwallon da ta yi sama iska ke wasa da ita. Na sha ganin V1x ta kauce hanya ina kallo, raina ya ɓaci. Amma wanda bugunsa ba ya tashi, V1x za ta taimake shi, wannan gaskiya ne.

Batun ƙarko ba bambanci sosai. Bawonsu ɗaya ne, roba mai taushi ta yuretan, kuma yashinmu da tsakuwa ba sa raga mata. Ni dai Pro V1 nake bugawa, tsofaffin da suka kurje kuma in ajiye su don atisaye.