Linux Mint 22 Xfce a kan laftof na hannu: yana da sauƙi, amma ba ya faɗa maka dalilin daskarewa

Wannan sharhi na masu laftof na hannu ne, irin wanda ɗaliban Yelwa da Gubi ke saye a shagunan cikin Bauchi, mai ram giga 4 da batirin da ya gaji. Na gwada Linux Mint 22 Xfce, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wanda ya fito a 2024 da kanel 6.8 (kanel shi ne zuciyar manhajar da ke sarrafa kayan na'ura), a kan furosesa iri uku: Celeron N2840 mai ƙwaƙwalwa biyu, Pentium N3540 mai huɗu, da Core i5-6200U. Wajen gudu ba ni da ƙorafi. Yana tashi da wuri, ba ya cin ram, kuma zai ci gaba da samun gyara har 2029. Abin da ya fi damun mai amfani shi ne abu biyu da ake yawan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya ba ne: rubutun gargaɗi lokacin kunnawa, da daskarewar na'ura ɗungurungum.

Gargaɗin shi ya fi ban tsoro, shi ne kuma ya fi rashin illa. Layin da ke cewa ACPI BIOS Error tare da AE_NOT_FOUND yana nufin teburin da BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da na'ura, ya miƙa wa kanel ya ambaci wani abu da babu shi. Kamfanoni da Windows suke gwada kayansu, kanel ɗin Linux kuma duk kuskuren da ya gani sai ya rubuta. In sauti, maɓallin haske da barci suna aiki, ƙyale shi. Wanda ya cancanci kulawa shi ne mai ɗauke da TSC_DEADLINE disabled due to Errata, domin yana neman sabon gyaran furosesa ne. Maganinsa kunshin intel-microcode, kuma Mint kan zo da shi, don haka in ka ga layin, sake saka kunshin ka kunna na'urar daga farko.

Daskarewa kuwa, fara da maɓallin Caps Lock. In fitilarsa tana amsawa, kanel na da rai, fuskar allo ce ta maƙale. Danna Ctrl, Alt da F2 ka shiga ta baƙin allon rubuta umarni. In ba ta amsa ba, gwada riƙe Alt da SysRq (galibi yana kan maɓallin PrtSc), ka danna S, U, B ɗaya bayan ɗaya da ɗan jinkiri, don a adana abin da ke hanya kafin a sake kunnawa. Bayan ta tashi, buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, rubuta journalctl -k -b -1 ka karanta ƙarshen rahoton zaman da ya wuce.

A nan ne bambancin ke fitowa. In ka ga soft lockup tare da lambar wata ƙwaƙwalwa, wato ta yi sama da daƙiƙa 20 tana riƙe da aiki ɗaya, layukan da ke ƙasa galibi za su nuna direban da ya jawo, wato manhajar da ke sarrafa wani ɓangaren na'ura, sau da yawa na waifai ko na hoto. In kuma rahoton ya yanke haka kawai ba ko kalma ɗaya, kuma furosesarka N2840 ce ko N3540, to ka faɗa tsohon ciwon dangin furosesar Intel da ake kira Bay Trail, wanda aka shigar da ƙorafinsa tun 2015. Furosesa na shiga barci mai zurfi don rage cin wuta, sai ta kasa farkawa. Abin mamaki, ba lokacin aiki mai nauyi ya fi faruwa ba. Kana kallon bidiyo ko ka ajiye ta ka tafi masallaci, ka dawo ka tarar da ita ƙiƙam.

Gwada maganin kafin ka dawwamar da shi. Lokacin kunnawa danna Esc ko Shift don jerin GRUB, wato allon zaɓin manhajar da za ta tashi, ya bayyana, danna e, je layin da ya fara da linux, ƙara intel_idle.max_cstate=1 bayan quiet splash, sannan F10. In ta yi kwana biyu lafiya, buɗe /etc/default/grub ka saka shi a wuri ɗaya, ka bi da sudo update-grub. Mutane da yawa wannan umarnin na ƙarshe suke mantawa, su ce magani bai ci ba. Kuɗin da za ka biya shi ne batir zai riƙa ƙarewa da wuri, jikinta kuma ya ɗan ƙara ɗumi. Inda Mint ya gaza a ganina ke nan: ciwon sananne ne, amma babu wani allo da zai nuna wa sabon shiga hanya.

Kada dai a ɗora wa kanel laifin kowa. A zafin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, na'ura kan mutu gaba ɗaya ko ta riƙa jan ƙafa. Saka lm-sensors ka duba zafinta, in tana kai digiri 90 na Celsius a aiki kaɗan, a buɗe a share, a canza man sanyaya da ke kan furosesa. Ram da aka haɗa iri biyu ma na daskarar da na'ura, sai a bar Memtest86+, manhajar gwajin ram, ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke.

Sabunta BIOS shi ne na ƙarshe. Umarnin fwupdmgr get-updates yana samo wa yawancin ThinkPad da Latitude na baya-bayan nan, amma ƙananan masu Celeron da wuya ka same su a ciki. Kuma kada ka fara da mataccen batir kana dogaro da wutar gari ko janaretan maƙwabci. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, sai mai gyara ya ciro guntun BIOS ya sake rubuta shi da na'urarsa.