Hattara da masu "gyaran" jakar iska a Damagaram

Jama'a, masu motoci da masu shirin saye, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo garaji-garaji, daga Sabon Gari har bakin Kasuwar Dole, suna cewa suna mayar da jakar iskar sitiyari (wadda ke kumbura ta kare direba lokacin karo) sabuwa ga motar da ta taɓa haɗari, a kuɗi kaɗan. Ƙarya ce. Jakar da ta fashe sau ɗaya ta gama aiki, sai dai a sauya ta ɗungurungum.

Motar ƙanena aka kwance a gabana. Murfin sitiyarin tsaf, har da tambarin Toyota, ciki kuwa soso ne da tsumma. A bakin wayar jakar mai ruwan ɗorawa sun maƙala ɗan rezista (ƙaramin kayan lantarki), don kwamfutar mota ta ɗauka jakar tana nan, fitilar gargaɗin jakar da ke gaban direba ta mutu. Wasu ma ƙwan fitilar suke cirewa. Ka murza makulli ka duba: fitilar kirki tana kamawa wajen daƙiƙa 6 sannan ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam, ko an taɓa ta ko ta lalace.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne notin bel ɗin ɗaure jiki. Sun cire na kamfani sun sa na kasuwa, irin na ƙofar ƙarfe, suka zura bututu a sifana suka danne har zaren ya cinye. Da yatsa biyu na juya shi. Kowane noti a nan da awonsa. A yawancin Corolla, na gindin bel 42 N·m ne (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), kusoshi biyu masu riƙe jakar 8.8, babban notin sitiyari 50. In noti ya yi sako-sako, ya fita ranar karo. Ya wuce kima, ƙarfen ya gaji ya tsinke. "Hannuna ya san daidai, Alhaji" ba awo ba ne.

Kada ka biya sai an nuna maka jakar kafin a ɗaura, ka ga lambarta a baya. Ka tsaya a cire batir a jira daƙiƙa 90 kafin a taɓa jakar, kuma a ɗaure da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ƙarfin ya kai. Duk wanda ya ce ka je ka dawo bayan la'asar, ɗauki motarka ka tafi.

A tura wa direbobin hanyar Magarya da Tanut, su aka fi nema.