Telaga Tujuh ko Temurun a Langkawi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya wacce za ku je tsakanin magangarun ruwa na Telaga Tujuh da Temurun. Tunda yini ɗaya kawai kuka ware wa magangarar ruwa a tsibirin Langkawi na Malesiya, ku tafi Telaga Tujuh, kar ma ki tsaya dogon tunani.

Lokacin da maigida ke karatu a Malesiya muka je da yara, wallahi har yau in an tuna sai an yi ta labarinsa a gida. Hawan ne dai akwai aiki, matakala sama da 600 kafin ki kai can ƙoli, sai da muka yi ta tsayawa muna maida numfashi, amma kina isa za ki tarar da ƙananan tafkuna guda bakwai a jikin dutse, ruwan wannan na malalowa cikin wancan, ga sanyi kamar daga firij, yara suka yi ta sulɓewa a kan dutsen suna ihun murna, ni kuwa na tsoma ƙafafuna ina hango teku ta tsakanin bishiyoyi. In akwai tsohuwa ko mai juna biyu a cikinku ba dole sai an kai sama ba, a tsakiyar hanya akwai kwanar da ke kaiwa gindin inda ruwan ke faɗowa. Kuma kusa yake da inda ake hawa kebul ka, wato motar da ke tafiya rataye a jikin waya zuwa saman dutsen Mat Cincang, kin ga kun haɗa biyu ke nan a fita ɗaya.

Temurun kuma, to, ya fi tsawo, kusan mita 200, kuma tafiyar daga inda ake faka mota ba nisa. Amma mu da rani muka je, ruwan ɗan siriri ne a jikin dutse, kuɗin man ma bai fanshe ba. Sai dai in wajen Satumba ko Oktoba za ku, lokacin da damina ta kankama.

Ki kula da masu ba da hayar mota da ke tare mutane a bakin tashar jiragen ruwa ta garin Kuah. Wasunsu in an dawo da mota sai su nuna tsohon karce su ce ku kuka yi, a ci muku kuɗin ajiya. Ku ɗauki bidiyon motar ciki da waje a gabansu kafin ku karɓi makulli, kuma a rubuta muku farashi a takarda.

Kada yara su riƙe leda ko abinci a hannu, birai na fizgewa. In kuka ga hadari ya haɗo ku fito daga ruwan nan take, yakan ƙaru ba zato, kuma kar kowa ya matsa bakin gangaren don dutsen na da santsi sosai. Allah ya kai ku lafiya.