Shaihu Umar da Abokan Tafiyarsa: Sharhi kan Wasu Ƙagaggun Labaran Tarihi

A daminar da ta wuce na shiga shagon wani dattijo mai sayar da littattafai a tsakiyar Kaduna, kusa da titin Ahmadu Bello, da niyyar sayen littafin lissafi na ɗiyata, sai idona ya faɗa kan wani ɗan siririn littafi da aka cusa tsakanin littattafan jarrabawa, ƙura ta dusashe bangonsa. Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Rabona da shi tun ina sakandare, lokacin da muke haddace sunayen mutanen cikinsa domin amsa tambayoyin malami, ba domin jin daɗin labarin ba. Na haɗa da shi na biya, na karance shi a dare guda, kuma wannan karatu na biyu shi ya sa na shafe watanni ina komawa shagon nan ina neman wasu ƙagaggun labaran da aka gina kan tarihi, na Hausa da na Turanci. Abin da na samu bai zama daidai wa daida ba, domin wasu sun fi kuɗinsu, wasu kuwa sai mai haƙuri.

Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucinsa a lokacin matashin malamin makaranta ne a Bauchi, ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ba wanda ya san zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Labarin yana buɗewa ne da wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwashe labari tun daga Kagara ya ba su. Mijin mahaifiyarsa, Makau, bafaden sarki ne da abokan zamansa suka ƙulla wa sharri bayan wani harin bayi, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Mahaifiyar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana, kafin ta dawo an sace shi. Mai karatu a Kaduna ba ya bukatar taswira a nan, domin Maƙarfi da Fatika duk cikin jiharmu suke, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano ya san inda ake ratsewa a Tashar Yari. Daga nan yaron ya bi hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya raine shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu.

Abin da ban gani ba ina yaro, wanda yanzu ya hana ni barci, shi ne cewa labarin na uwar ne fiye da na ɗan. Ita ce ta fita neman ɗanta tana mai 'yanci, aka yaudare ta a Kano, aka sayar da ita, ta sha wuya a Murzuk da Tarabulus, kuma marubucin bai tsaya ko sau ɗaya ya yi wa mai karatu wa'azi kan munin bauta ba. Yana faɗin yadda ake kai hari ƙauyuka a kamo mutane a raba su kamar yadda ake raba amfanin gona, da murya iri ɗaya da wadda zai faɗi cewa an yi sallar la'asar, kuma wannan sanyin murya ya fi kowace irin kururuwa tayar da tsigar jiki, domin yana nuna cewa ga mutanen wancan zamani abin ba labari ba ne, rayuwar yau da kullum ce. Ɓalewa ya rubuta shi ne shekara talatin kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, wato a lokacin da waɗanda aka taɓa sayarwa da waɗanda suka taɓa saye duk suna raye a gari ɗaya.

Littafin yana da rauninsa. Haɗuwar kwatsam ta yi yawa a cikinsa, Umar kansa nagari ne har ya wuce misali, ba a ga ya yi fushi ko ya yi shakka ba, sannan Abdulkarim, wanda fataucin bayi ne sana'arsa, ya fita daga labarin da farar riga ba tare da wani ya tuhume shi ba. Bugun da ake samu a kasuwa yanzu ma bai yi wa littafin adalci ba, takardar ta yi laushi, tawadar ta kwanta a wasu shafuka, babu kuma wata gabatarwa da za ta taimaki matashin da bai san mene ne ayari ko madugu ba. Duk da haka, in za a ce in zaɓi guda ɗaya in ba wanda ke son karatu, shi zan fara miƙawa. Wanda ba ya karanta Hausa yana iya neman fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, kodayake zai rasa ɗanɗanon harshen.

Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wani irin abu ne daban. Rabinsa na farko tarihi ne da jininsa: jarumin yana cikin mayaƙan da suka tari Turawa a zamanin da Kwantagora da Bida suka faɗi a 1901, ya kuma bi sawun masu hijira zuwa gabas, hanyar da ta ƙare a Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Kirari da bugun ƙirji da ƙarar bindiga sun cika waɗannan shafuka, kuma Hausar tana da zaƙin da ya dace a karanta ta da babbar murya a zaure. Sai dai daga tsakiya labarin ya bar ƙasa ya hau iska, aka shiga duniyar aljanu da yaƙe-yaƙen ƙasashen nesa, kafin jarumin ya dawo gida ya tarar da jirgin ƙasa da makarantun boko ya shiga yabonsu. Wannan sauyi na ƙarshe bai gamsar da ni ba, amma na fahimci cewa littafi ne da aka rubuta domin gasar da hukumar mulkin mallaka ta shirya, kuma ko a hakan marubucin ya yi ƙarfin hali da ya bar mutumin da ya yaƙi Gwamna Lugga ya zama gwarzon labari.

A cikin na Turanci, wanda ya fi kama ni shi ne Paradise na Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2021. An buga shi a 1994, kuma ina ba da shawarar a karanta shi nan da nan bayan Shaihu Umar, domin kamar littattafan biyu suna amsa wa juna ne daga gefe biyu na nahiya. Nan ma yaro ne, Yusuf, ɗan shekara 12, wanda wani attajirin ɗan kasuwa mai suna Aziz ya tafi da shi daga gidan iyayensa, yaron yana kiransa kawu, sai daga baya ya gane cewa jingina aka ba da shi saboda bashin da ake bin mahaifinsa. Akwai ayarin fatake da ya nausa cikin ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, akwai sarakunan hanya masu karɓar kuɗin wucewa, akwai kuma Jamusawa da ke matsowa a hankali kamar hadari daga gabas, kafin ɓarkewar yaƙin duniya na farko a 1914. Mai karatu Musulmi zai ga inuwar ƙissar Annabi Yusuf a ko'ina, daga kyawun yaron da mafarkansa har zuwa uwargidan maigida da rigar da aka yage ta baya. Bambancinsa da littafin Ɓalewa shi ne Gurnah bai yarda kirkin maigida ya wanke shi ba. Aziz mutum ne mai kamun kai, mai ƙamshin turare, mai kyauta, amma marubucin ya bar mu mu ga cewa alherinsa ma wata igiya ce da yake ɗaure yaron da ita, wato tambayar da Umar bai taɓa yi wa Abdulkarim ba ita ce ke cin Yusuf a rai. Turancinsa ba mai wuya ba ne, sai dai tafiyarsa a hankali take, kuma wanda ya saba da labarin da ake harbi a kowane babi zai iya gajiya kafin ayarin ya tashi.

A kan wannan littafi ne na gamu da matsalar da ta addabi kasuwar littattafai a garin nan. Ina tsakiyar karatu sai na ga shafuka kusan ashirin sun maimaitu, waɗanda ya kamata su biyo baya kuwa babu su, na duba bangon da kyau na ga hoton ya yi dishi-dishi, gam ɗin da aka liƙa shi da shi kuma ya fara saki. Bugun jabu ne. Na mayar wa dattijon na ce, “Baba, wannan ai an yanke masa ciki.” Ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce, “Malam, wallahi a kwali suke zo mana, ba ma buɗe kowanne,” sannan ya canza mini da wani tsohon kwafi na asali wanda wani ya riga ya karanta har ya ja layi a wasu wurare, bai ƙara mini ko kwabo ba. Tun daga ranar ba na barin shago sai na bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, kuma na gwammace tsohon bugu na gaskiya da sabon da ke walƙiya.

The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, 'yar ƙasar Gana, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a 2018, ya fi sauƙin samu da sauƙin karantawa. Salaga ita ce kasuwar ƙasar Gwanja da fataken Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa sayen goro, kuma babbar kasuwar bayi ce, rijiyoyin da sunan littafin ke nufi ma an ce da ruwansu ake wanke bayi kafin a kai su gaban masu saye. Mata biyu ne ke ɗauke da labarin, Aminah da mahara suka kamo daga ƙauyensu, da Wurche 'yar gidan sarauta mai son a dama da ita a harkar mulki, a daidai lokacin rikicin sarautar da ya kai ga yaƙin basasar Salaga na 1892, Ingilishi da Jamusawa kuma kowa na neman sarki ya sa masa hannu a takarda. Na ji daɗin yadda tuwo da goro da kalmomin Hausa suke yawo a cikinsa ba tare da an tsaya ana yi musu bayani ba, na kuma ji daɗin cewa a nan an ba baiwa bakin magana, abin da mahaifiyar Umar ba ta samu sosai ba. Inda ya gaza shi ne ƙarshensa, wanda ya zo da gaggawa kamar an ce wa marubuciyar takarda ta kusa ƙarewa, kuma akwai wuraren da suka shafi kwanciya da fyaɗe da ya sa ba zan miƙa shi ga ɗan ƙaramar sakandare ba.

Leo Africanus na Amin Maalouf, wanda ya fito da Faransanci a 1986, na saye shi ne saboda ainihin mutumin, Hasan al-Wazzan, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir a littafinsa na bayanin Afirka da aka buga a 1550. Labarin yana da daɗi ƙwarai, daga faɗuwar Garnaɗa a 1492 zuwa Fas da Alƙahira da Rum, amma ƙasashen baƙar fata 'yan shafuka kaɗan suka samu, saboda haka wanda zai saye shi domin ganin ƙasar Hausa ya rage buri.

Mafi nauyi a hannu da a zuciya shi ne Segu na Maryse Condé, marubuciyar tsibirin Gwadalup da ta rasu a 2024. Ta ɗauki gidan wani bafaden daular Bambara, Dousika Traoré, tun daga ƙarshen ƙarni na 18, ta watsa 'ya'yansa huɗu cikin duniya, ɗaya ya musulunta ya tafi karatu Tumbuktu, ɗaya aka kama shi aka sayar har Barazil, sauran kuma fatauci da aikin soja suka ja su. Abin da zai ja hankalin mai karatu a nan Arewa shi ne inuwar Alhaji Umaru Tal, shehin Tijjaniyya da ya zauna shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga baya ya ci Segu, babban birnin daular Bambara, da yaƙi a 1861. Mu mun saba jin labarin jihadin ƙarni na 19 daga bakin waɗanda suka ɗaga tuta, Condé kuwa ta ba da shi daga bakin waɗanda tutar ta nufo, kuma akwai wuraren da na ga ta tsananta wa malamai fiye da kima, har na ajiye littafin kwana biyu kafin in koma. Sunaye suna da yawa, dole mutum ya riƙa leƙa jadawalin zuri'ar da ke cikin littafin, wanda a kwafina wani mai karatu na baya ya ƙara wa kibiyoyi da jan biro, abin da ya taimake ni ba kaɗan ba.

Littafin juzu'i biyu ne, na farko ya fito a 1984, na biyu a 1985, kuma na farkon kawai na samu. Ya tsaya ne tun rundunar Alhaji Umaru ba ta shiga birnin ba, mutanen Segu suna jin labarinta daga nesa. Dattijon ya rubuta sunan na biyun a bayan wani tsohon rasit ya soke a ƙusa, ya ce zai sa a duba masa a Legas idan yaronsa ya je sari, na leƙa sau uku tun daga lokacin, takardar tana nan a ƙusar.