Burushin share bututun injin busar da kaya: ya cancanci kuɗinsa?

Yawancin gidajen Bauchi rana ce ke busar musu da wanki, amma shagunan wanki da guga, otal-otal da wasu gidaje a GRA da Fadaman Mada sun dogara da injin busarwa, musamman a watan Agusta da kaya ke kwana a igiya ba su bushe ba. Masu irin wannan inji su ne wannan burushi zai amfana. Wanda injinsa ke tara ruwa a tanki, ba shi da bututun fitar da iska mai zafi waje, babu ruwansa da shi.

Kayan ba su da yawa: kan burushi mai faɗin inci 4, daidai bakin bututu, da sanduna na roba masu lanƙwasa da ake murɗa su a juna, sai ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a injin huda. Ana cire fulogi, a rufe gas idan injin na gas ne, a janye shi daga bango, a kwance bututun. Sai a tura burushin da sanda ɗaya, injin huda na juyawa a hankali, ana ƙara sanda bayan sanda har ya fita waje.

A bututun ƙarfe mai santsi yana aiki sosai. Burbushin auduga da ya daskare da ƙurar hunturu yakan fito dunƙule-dunƙule, wani lokaci har da gidan zanzaro ko busasshen ƙadangare. Wannan burbushin shi ne haɗarin: ya toshe hanya, zafi ya taru a ciki, shi kuma da wuri yake kama wuta. A injin gas kuwa, hayaƙi mai guba marar wari na iya dawowa cikin ɗaki.

Babban aibinsa mahaɗar sandunan. Muddin aka juya injin huda baya, ko da sau ɗaya, sai su warware, kan burushin ya maƙale a tsakiyar bango. Ɓangaren dama kawai ake juyawa, shiga da fita, kuma a naɗe kowace mahaɗa da salatif kafin a tura. Lanƙwasa ɗaya a bututun, burushin yana wucewa lafiya. Lanƙwasa biyu a jere sai sandar ta fara nannaɗewa, in aka matsa ta karye.

Bututun leda ko na takardar alminiyom mai ninki-ninki, wanda masu haɗa inji suka fi so don arha, burushin yaga shi yake yi. Laifin ba na burushi ba ne, bututun ne bai dace ba tun farko, domin kowane ninki ma'ajiyar burbushi ce. A sauya shi da na ƙarfe, a haɗa gaɓoɓin da salatif na alminiyom, kada a sa kusa ko noti, tsininsu na kama zare. Ƙa'idar gini ta Amurka ta tsayar da tsawon bututu a ƙafa 35, ana rage ƙafa 5 a kan kowace cikakkiyar lanƙwasa, don haka a auna kafin a sayi sanduna.

Burushin ba ya tsotse abin da ya kankare. Sai an bi da injin zuƙar ƙura, ko a mayar da bututun a kunna iska marar zafi na minti 10. A fita a duba murfin waje: ya kamata ya buɗe sosai. Ragar sauro da wasu ke sawa a bakin don ɓera a cire ta, toshewa take yi nan da nan.

Ga gida, sau ɗaya a shekara ya isa, gab da damina. Shagon da injinsa ba ya hutawa ya yi duk wata uku. Idan kaya suka fara neman zagaye biyu kafin su bushe, ko fis na zafi yana yawan ƙonewa, a duba bututu kafin a biya mai gyara. Ya cancanci saye, amma a zaɓi mai sanduna masu kauri, in da hali wanda mahaɗarsa ke kullewa da maɓalli.