Sharhina kan kayak mai feda bayan na sha kamun kifi da shi a Chesapeake

Tsakani da Allah kayak ɗin nan mai feda ya biya kuɗinsa, amma ba ta inda mai shago ya yi ta kwaɗaita min ba. Shi cewa ya yi da zarar ka samu feda ka rabu da filafili har abada, hannunka biyu na kan sandar fatsa kana tafiya kana jifa. Rabin maganar gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, saboda 'yan uwa da ke zaune a yankin nan na Amurka suna yawan tambayata ko su saya, kuma kuɗin ba na wasa bane, mai kyau ya haura dala 2,000 kafin ma ka sa rigar ruwa da amalanken jansa da sauran tarkace.

Ga wanda bai san shi ba, ƙaramin kwalekwale ne na roba mai ɗaukar mutum ɗaya, a samansa kake zama kan kujera ba a ciki ba. Nawa tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ya kusa ƙafa 3, a tsakiya akwai feda irin ta keke da ke juya farfela a ƙarƙashin ruwa, ka taka gaba ya yi gaba ka taka baya ya yi ribas nan take, sitiyarinsa ɗan hannu ne a gefen kujera da ke juya wani faranti a baya. Akwai wani samfurin da kamfanin Hobie suka fito da shi tun 1997, shi fukafukai biyu ne ke kaɗawa a ƙasa maimakon farfela, nawa dai ba irinsa bane kuma ba nasu bane.

Inda nake kamu gefen jihar Bajiniya ne na Chesapeake, yawanci cikin mashigin Mobjack da bakin kogunan da ke zuba cikinsa, wato Ware da North da East da Severn, wani lokacin in gangara kogin Lynnhaven. Chesapeake shi ne mashigin teku mafi girma a Amurka cikin waɗanda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, tsawonsa wajen mil 200, amma abin da mutane ba su sani ba shi ne ba shi da zurfi, matsakaicin zurfinsa ƙafa 21 ne kacal, kuma gefe-gefensa filaye ne masu faɗi da ruwan bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, ciyawa shimfiɗe a ƙasa, ga tudun kawa nan da can, ga ƙananan magudanai da ke fitowa daga cikin fadama. To nan ne abincin yake, jatan lande da ƙananan kifaye da kaguwa, kuma nan ne kifayen nan biyu ke shigowa farauta, speckled trout mai ɗigo-ɗigo a baya wanda 'yan gari ke ce wa speck, da striped bass mai zane-zane a gefe wanda a nan kowa rockfish yake ce masa. Jirgi mai inji in ya shigo irin wannan wuri ko dai ya kafe ko ya kori komai da ƙara, shi ya sa kayak ke da daraja.

Bari in fara da inda feda ta burge ni. Iska. Duk wanda ya taɓa zama a kayak na filafili ya san yadda iska ke juya ka, ka yi jifa ɗaya kafin ka nannaɗe zare ta juya maka hanci ta kai ka wani wuri, ka ajiye sanda ka ɗauki filafili ka gyara ka sake ɗaukar sanda, rabin safiyarka ta tafi a haka. Da feda kuwa sai ka fuskanci iskar ko ƙarfin ruwan kana ɗan takawa a hankali ka tsaya cak a wuri ɗaya kana jifa, musamman a bakin magudana lokacin da ruwa ya fara janyewa yana wanko jatan lande daga cikin fadama, kifin na jere a bakin suna jira, kai kuma kana riƙe da matsayinka ba tare da ka jefa anka ba. Ribas ɗin nan kuma wallahi ni'ima ce, in rockfish ya kama kusa da turakun gada ko duwatsu abu na farko da zai yi shi ne ya nufi cikinsu ya goga zaren ya tsinke, sai ka taka baya kawai ka janyo shi fili alhali hannunka biyu na kan sanda. Sannan nisa, wuraren da da nake hango su in haƙura yanzu ina zuwa in dawo kafaɗa ba ta ciwo, don ƙafa ta fi hannu juriya nesa ba kusa ba. Faɗinsa ma ya sa ina miƙewa tsaye a kansa in ruwa ya kwanta, in hango fararen ramukan yashi da ke tsakiyar ciyawa inda speck ke lafewa.

To amma fa ga inda maganar mai shago ta tsaya. Farfelar tana son ruwa ya kai aƙalla gwiwa, kuma wuraren da na fi samun manyan speck da sassafe ba su kai haka ba, ko kuma sun kai amma ciyawa ta cika su. Ciyawar nan doguwa ce siririya, da ka shiga sai ta nannaɗe farfela, feda ta yi nauyi, ka tsaya ka buɗe ka ɗago injin fedar gaba ɗaya ka sa yatsa kana warwarewa, kuma ɗagowar tana da ƙara, ƙwas ɗin da makullin ke yi a jikin roba ruwa na ɗaukarsa ya kai nesa, sau da yawa na sha ganin ƙura ta tashi a ƙasa kifi ya bar wurin. A ƙarshen zafi in ciyawar ta fara tsinkewa tana yawo a sama abin ya fi muni. Don haka yadda nake yi yanzu, feda ta kai ni bakin filin, tun daga nesa in ɗage ta in ɗaure, in ɗauki filafili in shiga a hankali, in na isa in soka doguwar sandar nan ta kafewa cikin laka in ɗaura igiya, shikenan. Ainihin kamun a shiru ake yinsa, da filafili da sandar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin injin ba. Ban ce injin ba shi da amfani ba, cewa na yi aikinsa kai ka ne da dawo da kai da riƙe ka a ruwa mai ɗan zurfi, kar wanda ya yaudare ka ka bar filafili a gida ko ka sayi na banza mai nauyi.

Speck kifi ne mai son a lallaɓa shi. Ba ma dangin trout bane na gaskiya, dangin kifayen nan ne masu gurnani, in ka riƙe namiji za ka ji yana ƙugi a hannunka. Cikin bakinsa rawaya, da fiƙa biyu a sama, amma fatar bakin kamar tsohon zani take, ka ja da ƙarfi ta yage. Ina amfani da sanda mara tauri mai ƙafa 7, zare saƙaƙƙe siriri da ɗan guntun farin zare mai kauri a ƙarshe, sai koton roba mai jela a kan ƙugiya mara nauyi don kar ya nutse cikin ciyawa. In ruwa ya ɗan gurɓace sai in sa 'yar ƙwallon nan da ake ɗaurawa a zare sama da koto, mai yawo a saman ruwa mai duwatsun ado a jiki, ka fizga ta yi ƙas-ƙas kamar jatan lande na tsalle, ka dakata, yawanci a dakatawar nan ne za ka ga ta nutse. Amma abin da ke tashe ni tun kafin asuba shi ne koton saman ruwa, na yi salla a bakin ruwa in shiga gari bai gama wayewa ba, kana karkaɗa shi hagu da dama a kan ciyawa sai ka ji fas, ruwa ya fashe, wani lokacin ya buge shi sama bai kama ba, kar ka ja, ci gaba da karkaɗawa zai dawo. In ya kama sai ya taso sama yana girgiza kai baki buɗe, a nan mafi yawa ke kuɓucewa, ka sassauta birkin ril ɗinka, wato abin nannaɗe zare, ka sunkuyar da sanda gefe, kuma ka tanadi 'yar ragar hannu ta roba, ɗaga shi da zare asara ce. A nan kayak ya yi min daidai, kana zaune dab da ruwa, ragar na kai wa gare shi ba tare da ka miƙa jiki ba.

Rockfish kam ba ruwansa da lallami, in ya kai inci 24 ko fiye shi zai riƙa jan kayak ɗin, kana ji hancin na juyawa yana bin sa. Sai dai ina so masu sha'awa su san halin da kifin nan ke ciki kafin su shiga. Mafi yawan rockfish na gaɓar Atlantika a kogunan Chesapeake ake haifarsu, an taɓa kama su har suka kusa ƙarewa, jihar Merilan ta rufe kamunsu gaba ɗaya a 1985 ba a buɗe ba sai 1990, a 1995 aka ce sun farfaɗo, yanzu kuma sun sake raguwa, shekaru a jere ƙananan da ake samu ba su da yawa. Shi ya sa a 2024 aka mayar da doka a cikin Chesapeake kifi ɗaya a rana, tsakanin inci 19 zuwa 24, sannan tun 2021 in da koto na gaske kake kamu dole ƙugiya mai lanƙwasa ciki wadda ke kama gefen baki. Hukumar kula da kifin gaɓar Atlantika na lissafa cewa kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka kama aka saki suna mutuwa, kuma lokacin zafi abin ya fi haka. Ni dai a tsakiyar zafi bana neman su ko kaɗan, in ya kama ba da niyya ba a cikin ruwa nake cire ƙugiyar ban ɗago shi ba, wannan ma wata fa'idar kayak ce da ba a faɗa. Speck a Bajiniya sai ya kai inci 14 kafin ka ɗauka, shi kuma sanyi ne maƙiyinsa, in hunturu ya yi tsanani sukan sandare su mutu a ruwa mara zurfi har hukuma ta rufe kamu na wasu watanni kamar yadda aka yi a 2014. Dokokin nan suna canzawa, duk shekara ka duba kafin ka fita, ka yanki lasin ɗinka na ruwan gishiri, ka ajiye ma'auni a kayak.

Sauran abin da bai min daɗi ba. Nauyi na farko, da kujera da injin ya kusa kilo 50, ɗora shi kan rufin mota kai kaɗai bayan ka wuni a rana ba ƙaramin aiki bane, amalanke mai faffaɗan taya dole ne in akwai yashi ko laka a mashigar. Duk wanda ke zaune a bene ba gareji ya yi tunani sosai, don kayak ɗin da fito da shi ke ba ka wahala zai ƙare a jingine. Igiyar sitiyari ta saki min tun da wuri sai da na ɗaure ta, murfin ma'ajiyar gaba na ɗan shigar da ruwa in igiyar ruwa na dukan hanci, wasu kusoshin kujera kuma sun fara tsatsa duk da ina wanke shi da ruwan famfo duk dawowa, a kuɗin nan bai kamata ba. Injin kansa dai bai taɓa ba ni matsala ba, wanki da ɗan man shafawa kawai, sai ka riƙe ƙusar farfela ta sifiya a aljihu saboda an yi ta ne ta karye in ka daki kawa don ta ceci giya.

Maganar tsaro kuwa ba na sassautawa. Rigar ruwa a jiki take ba a bayan kujera ba, ga usur, ga tuta mai tsawo da fitila saboda masu jiragen inji ba sa ganinka da duku-duku. In hasashe ya nuna iska za ta wuce mil 15 a awa ina zamana a gida, faɗin kayak ba ya hana igiyar ruwa tashi in iska ta yi karo da janyewar ruwa. Oktoba zuwa Nuwamba shi ne lokacin da kamu ya fi daɗi kuma shi ne lokacin da ruwa ke fara sanyi, rana na iya yin ɗumi amma ruwan ya ƙwace maka numfashi da ka faɗa, don haka rigar da ruwa ba ya shiga ta fi sabon ril muhimmanci. Ka gwada kifar da shi da gangan a wuri mara zurfi lokacin zafi ka koyi hawa, yana da faɗi, juyo da shi sai da dabara.

In kasafinka bai kai ba, ko wurin da za ka riƙa kamu ƙananan magudanai ne da filin ciyawa kusa da mashiga, sayi na filafili mara nauyi ko da na hannu ne, ragowar kuɗin ka sa a filafili mai kyau da rigar ruwa, za ka kama speck ɗin da nake kamawa. In kuwa kana son tsallaka Mobjack daga wannan kogi zuwa wancan, ko tsayawa a gindin gada ruwa na gudu, to fedar ta cancanta, ni da za a sake ba ni zaɓi zan sake saye amma zan nemi wanda ya fi wannan sauƙin ɗauka. Kuma ka tafi da ƙanƙara a kula, naman speck laushi gare shi, in ya sha rana a bayan kujera kafin ka isa gida ya saki, mu a gida gasa shi muke da yaji da lemun tsami a ranar, rockfish ɗin kuma farfesu don namansa ya fi riƙe jiki a tukunya.